Abin da Ya Kama Sitiyarin Shuɗiya

Talata, 4 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma
Sanyi: talatin da ɗaya ƙasa da sifili.

Babu wanda ya mutu. Da wannan zan fara, domin tun rana nake maimaita shi ga duk wanda ya bugo waya.

Shuɗiya, motarmu mai lamba huɗu, ta bar hanya a Kwanar Kogi. Yayana Torvald ne ke tuƙi, yana nuna wa baƙo yadda ake zamewa da mota a kan ƙanƙarar tafki ba tare da ta kuɓuce ba. Abin da yake yi ke nan sau goma a rana, shekara ashirin da biyu, tun da muka buɗe makarantar nan, shi a sitiyari ni a gareji. Ina ƙarƙashin wata motar na ji Esbjörn, dattijon da ke share mana hanya da tarakta, yana ihu a rediyo. Ban taɓa jin Esbjörn ya ɗaga murya ba.

Motar ta haura tudun dusar ƙanƙarar da ke gefen hanya, ta juya sau biyu, ta tsaya. Daga baya na je na auna da ƙafata. Taku ashirin da shida ne tsakaninta da jajayen sandunan da muke kafawa inda kogi ke shigowa tafki, inda ƙanƙarar ba ta ɗaukar mota.

Baƙon sunansa Maarten, likitan haƙori ne daga Holand. Ƙashin kafaɗarsa ya karye. Ana sa shi a motar asibiti yana ta ba mu haƙuri, kamar shi ya yi wani abu.

Torvald ko ƙwarzane. Yana zaune a kan tudun, ya ce, "Sitiyari ne, Auta. Ya sandare a hannuna kamar an zuba masa siminti."

Shekarata hamsin da huɗu, har yau Auta.

Ina jin kunyar rubuta wannan, amma tun kafin motar asibiti ta ɓace hankalina ya koma kan Shuɗiya. Ni na duba ta ranar Lahadi. Me zai kama sitiyari lafiyayye a tsakiyar kwana?

Laraba, 5 ga Fabrairu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe
Sanyi 27.

Na ɗaga ta sama. Gaban hagu ya lotse, ƙarfen da ke riƙe taya ya lanƙwashe. Wannan duk aikin karo ne. Na kunna ta, na murza sitiyari da ɗan yatsa ɗaya. Ya juya kamar man shanu.

Ragnhild, matar Torvald, ta kawo mini kofi da cuku. Ta tsaya tana kallon cikin motar kamar mai duba mara lafiya.

"Yi mini bayani kamar ba ni da wayo, Majvor," in ji ta.

Na ce akwai wani ɗan inji na lantarki a jikin sandar sitiyari, shi muke kira fawa. Kai ka murza kaɗan, shi ya ƙarasa maka. In ya ɗauke, sitiyarin ba ya kullewa, nauyi kawai yake yi, kamar motocin da babanmu ya tuƙa.

"Nauyi kawai?"

"Nauyi sosai, in ba ka shirya masa ba."

Ta ce to. Ta manta da kofunanta ta tafi.

Na jona kwamfuta. Abu ɗaya motar ta riƙe a ƙwaƙwalwarta: wuta ta taɓa yin ƙasa a layin fawa. Na yi tsalle. Sai Esbjörn ya leƙo ya ce ai shi ya cire kan batir jiya, tana kunne, don gudun gobara. Wannan ma zai iya barin saƙo iri ɗaya.

Na ce, "Esbjörn, da hannunka ka goge mini sawun ɓarawo."

Ya ce, "Da kin fi so ki binciki toka?"

Na koma kan kwamfuta.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, bayan azahar
Sanyi 22.

Matar inshora ta kira. Muryarta mai daɗi, maganarta ba daɗi. Torvald ba zai sake ɗaukar kowa a gefensa ba sai an san dalili. Koyarwa ta rediyo daga bakin hanya, wannan babu laifi. Suna son rahoto a rubuce kafin ƙarshen wata, da sa hannun makanike. In laifin mota ne, a gyara, ya koma aikinsa. In ba na mota ba ne, ta ce, sai a yi wata maganar.

Na gaya wa Torvald. Ya yi dariya. "Sati uku? Ke da kike gano ciwon mota daga tarinta? Kwana uku ya ishe ki."

Juma'a, 7 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu
Sanyi 18. Fiyus lafiya. Batir lafiya. Wayoyi, iya inda ido ke kaiwa, lafiya.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, ƙarfe uku na rana
Sanyi 14.

Abincin rana a gidan su Torvald. Ragnhild ta yi palt, curin dankali da nama a ciki, da man shanu yana narkewa a kai. Nawa ta kawo shi dunƙule, nata ma haka. Na Torvald ya fito daga kicin a yanke, gutsi-gutsi.

Ya ci da cokali mai yatsu, yana ba da labarin wani Bajamushe da ya taka birki jiya har ya juya yana kallon inda ya fito. Mun yi dariya. Labarin ya yi daɗi.

Palt ɗin ma ya yi daɗi. Shi ke nan abin da zan rubuta.

Litinin, 10 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma
Sanyi 7. Gari ya saki.

Na sa sabon ƙarfe, na daidaita tayoyi, na fita da ita kan tafki bayan baƙi sun tashi. Zagaye arba'in. Na murza ta hagu da dama da mugunta, na kunna fitilu da hita da duk abin da ke shan wuta, ko zan ja ta ta yi fushi. Ko gezau. Mota mai ladabi kamar ba ita ba.

Abin yana burge ni, gaskiya. Ciwon da ke zuwa ya tafi ya fi kowane ciwo wayo. Sai ka san abin da yake so kafin ya fito. Zafi? Girgiza? Wata kusurwa ta sitiyari? Na cika shafi biyu da tambayoyi.

Akwai tambaya ɗaya da ban sa a shafin ba.

Talata, 11 ga Fabrairu, ƙarfe biyu na rana
Sanyi 6.

Na kira Maarten. Ya isa gida, hannu a rataye, matarsa ta hana shi ko kallon mota. Na ce ya ba ni labarin daƙiƙun nan, komai ƙanƙantar abu.

"Akwai wata fitila da ta kama a gaban direba," in ji shi. "Rawaya, ina jin. Ko ja. Ki yi haƙuri, lokacin duniya juyawa take."

"Kafin ku bar hanya ko bayan?"

"Kafin. Ina jin kafin. Torvald ya furta wata kalma da yarenku, wadda ba na zaton tana cikin darasi."

Na yi dariya. Na ce sai me?

Sannan ya ce, "Hannunsa na hagu ya zame daga sitiyarin. Ya sauka a cinyarsa. Amma ai safar hannu tana da santsi, ko? Ni ma takan yi mini haka."

Na ce haka ne, tana da santsi. Na yi masa fatan sauƙi.

Fitila rawaya. Wannan babban abu ne. In fitila ta kama kafin karo, to saƙon da ke cikin kwamfuta ba na Esbjörn ba ne. Zan bi fitilar.

Laraba, 12 ga Fabrairu, da safe
Sanyi 5. Torvald ba ya tuƙi da safar hannu. Bai taɓa ba. Yakan ce mai safa ba ya jin abin da mota ke faɗa.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, ƙarfe ɗaya na rana
Sanyi 4.

Esbjörn ya shigo shan kofi, yana yanka busasshen nama da wuƙarsa yana kallona ina zagaya mota.

"Kin rame," ya ce.

"Ka ƙoshi," na ce.

Na tambaye shi me ya bambanta ranar nan da sauran ranaku. Ya ce sanyi. Na ce mun sha yin aiki a talatin da biyar. Ya tauna nama, ya tauna, sannan ya ce, "To, ban da cewa a waje ta kwana."

Na ajiye sifana.

Ashe ranar Litinin ɗin, jajibirin haɗarin, bayan na tafi gida, taraktarsa ta ƙi tashi. Shuɗiya ta shigo gareji da yamma, cikinta cunkushe da dusar ƙanƙara, ta yi awa biyu a ɗumi tana ɗiga. Sai ya tura ta waje ya sa tarakta a wurinta. Da asuba ya mayar da kowa inda yake, don kada in yi masa faɗa.

"Kwana goma kana zaune a kan wannan?"

"Ba ki tambaya ba. Kuma kin ga, ga shi kina faɗan."

Na sumbaci saman hularsa. Ya ce in kiyaye shi.

Ruwa ya narke, ya shiga wani wuri, sannan talatin da ɗaya ta same shi a can. Ruwa in ya daskare kumbura yake. Ni kuwa kullum a ɗaki mai ɗumi nake kwantar da ita ina tambayarta me ke damunta. Yanzu abin da nake bukata sanyi ne kawai.

Asabar, 15 ga Fabrairu
Sanyi 3. A watan Fabrairu. Rufin gareji ɗiga yake.

Litinin, 17 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu na yamma
Sanyi 5.

Sababbin baƙi takwas. Torvald yana tsaye a bakin hanya da rediyo rataye a wuya, yana koyar da su da baki. Ya iya. Yana jin kuskure tun kafin a yi shi. "Lamba biyu, ɗaga ƙafa. Kalli inda kake son zuwa, ba inda kake tsoro ba. Yawwa." Amma duk motar da ta wuce sai kafaɗarsa ta bi ta.

Na lura da aljihu. Kullum hannunsa na hagu yana cikin aljihu. To, ana sanyi. Sai dai ba a sanyi.

Laraba, 19 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma
Sanyi 8.

Mun yi faɗa da Torvald.

Ya shigo gareji ya ce, "Ina aka kwana, Auta?" Na ce ina jiran sanyi. Ya ce in rubuta abin da na sani: fitila ta kama, kwamfuta ta nuna, direba ya faɗa. Me ya rage?

Na ce ban gani da idona ba.

"Maganata ba ta isa ba?"

"Ba a sa hannu a kan maganar mutum, Yaya. Ko da kai ne."

"Tun ɗazu kike kallona ta gefen ido. Tun ranar Lahadin can. Motar kike bincike ko ni?"

Na ce ya miƙo mini sifana mai lamba goma sha uku. Tana kan tebur, ta hagunsa. Ban shirya ba, bakina ne ya faɗa. Ya dubi sifanar. Ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, ya ɗauka da dama, ya ajiye mini a kan bonet a hankali.

"Ga ta," ya ce. Ya fita bai rufe ƙofa ba.

Shi ya koya mini tuƙi a kan tafkin nan ina shekara tara, da matashin kai biyu a ƙarƙashina. Ban san me ya sa na tuna wannan ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu
Sanyi 15. Yana sauka. Rediyo ya ce gobe sama za ta washe.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, ƙarfe biyar da rabi na yamma
Sanyi 24, kuma bai gama ba.

Na yi komai yadda aka yi a ranar. Na fita da ita na cusa ta cikin dusa har cikinta ya cika. Na shigo da ita ɗumi awa biyu cif, ina zaune ina sauraron ɗigar ruwa. Esbjörn ya taya ni tura ta waje.

"In ba ta yi ba fa?" ya ce.

"Sai in san ba wannan ba ne."

"Sannan?"

Na ce ya tafi gida, matarsa na jira.

Rabona da ɗokin wayewar gari irin haka tun ina yarinya. Ina so ta yi. Ina so ƙwarai ta yi.

Asabar, 22 ga Fabrairu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe
Sanyi 30.

Ta yi!

Zagaye na farko lafiya, na biyu lafiya. A na shida na shiga Kwanar Kogi da gudun da Torvald ke shiga, bayanta ya fara zamewa, na murza da sauri don in tare ta, sai ƙaramar ƙara, fitila rawaya, sitiyari ya zama dutse. Siminti, kamar yadda ya ce. Na sa ƙarfi, kafaɗuna suka yi ƙara, ta yi wutsiya sau biyu, ta miƙe. Na tsaya a miƙaƙƙiyar hanya ban kashe ta ba, na kira Esbjörn ya jawo mu a hankali, fitilar tana ci.

Na shiga ƙarƙashinta da tocila tun kafin ta ji ɗumi. Na bi wayar fawa da yatsa har inda take shiga soket, a bayan wani ƙarfe inda ido ba ya kaiwa. Na sa madubi. Ga shi nan. Murfin soket ɗin ya tsage, tsaga siririya kamar gashi, ciki kuma ɗan ƙullutun ƙanƙara bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya ture bakin wayar baya. Tana taɓawa da kyar. In ana tafiya sannu wuta na wucewa. In aka nemi ƙarfi gaba ɗaya lokaci guda, sai ta yanke. In ta shiga ɗumi kuma ƙanƙarar ta narke, wayar ta koma mazauninta, shaida ta zama ruwa ta ɗige a ƙasa.

Na ɗauki hoto goma sha biyu kafin ya narke. Abin sha'awa ne, wallahi. Ɗan abu kamar wannan.

Yayana bai yi ƙarya ba. Na faɗa da ƙarfi a gareji, ni kaɗai. Bai yi ƙarya ba.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma
Amma ni na riƙe ta.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, ƙarfe biyu na rana
Sanyi 26.

Ban je cin abinci ba. Na ce kaina ke ciwo. Ban gaya wa kowa batun soket ba, Esbjörn kuwa ba ya magana sai an tambaye shi.

Babu baƙi yau. Na sa ya tara mini dusa mai laushi a bayan Kwanar Kogi, tudu mai faɗi. Bai tambayi dalili ba. Na ja waya daga fiyus ɗin fawa zuwa wani ɗan makunni kusa da giya, yadda zan iya kashe ta a tsakiyar kwana da kaina.

Don son sani ne kawai.

Hannu biyu: sau takwas na kashe, sau takwas na riƙe. Da wuya, amma na riƙe. Ni da nauyina bai kai kilo sittin ba.

Sannan na gwada ɗaya hanyar. Sau uku. Sau uku Esbjörn ya jawo ni daga cikin tudu.

A na ukun ya buɗe ƙofata ya tsaya yana kallon hannuna na hagu, wanda na soke a ƙarƙashin cinya.

"Ya isa haka, Majvor," ya ce.

Na san makunnin yana hannuna, na san lokacin da zai zo, wannan ba daidai yake da a zo maka ba zato ba. Na rubuta wannan a gefen shafi. Na ja masa layi biyu. Jiya ai ba zato ta zo mini.

Talata, 25 ga Fabrairu, ƙarfe goma na safe
Sanyi 19.

Ragnhild ta zo karɓar kofunanta na sati uku da suka wuce. Ta wanke su a famfon gareji, ta goge, ta sake gogewa.

"Kin samu, ko?" ta ce. "Fuskarki ba ta iya ɓoyo."

Na ce na samu.

"Laifin mota ne."

"Laifin mota ne."

"To in kika rubuta haka, ranar Litinin zai koma."

"Haka suka ce."

"Da mutum a gefensa."

Na ce eh.

Ta jera kofunan a jaka ɗaya bayan ɗaya. Ta ce shekara talatin da huɗu tana aure da shi, ba ta taɓa cin nasarar gardama da shi ba sai a kan launin labule. Ta ce in ta buɗe baki sai ya ce ita ba ta san mota ba.

"Ke kuwa ba zai ce miki haka ba," ta ce.

Ba ta faɗi sunan abin ba. Ni ma ban faɗa ba. Ban ma san sunansa ba.

Laraba, 26 ga Fabrairu
Sanyi 21. Na duba sauran motoci uku. Soket ɗinsu lafiya. Na naɗe su duk da haka. Na rubuta rabin rahoto, na tsaya.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma
Sanyi 17.

Na kira Torvald gareji bayan baƙi sun tafi otal. Na ɗora masa tsagaggen soket a tafin hannu, na nuna masa hotuna. Ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ɗan banzan?" ya ce. "Wannan?" Sai dariya, har da hawaye. Ya rungumo ni da hannu ɗaya ya ɗaga ni sama kamar buhu. "Na gaya miki! Ban gaya miki ba? Kai, Auta, ke mayya ce."

Na bar shi ya gama. Sannan na ce saura gwaji ɗaya, ina so ya zauna a gefena ya gani.

"Ni a kujerar baƙo?"

"Sai ka ji abin da suke ji."

Ya shiga yana tsokana, wai in tuna birki ne a tsakiya. Na nuna masa makunnin, na ce shi zai danna, duk lokacin da ya ga dama, kada ya gaya mini.

Zagaye na farko ya danna a daidai wurin da ya fi muni. Ya san wurin, mana. Na yi kokawa da ita, ta miƙe.

"Ba laifi," ya ce. "Kin makara kaɗan."

Na biyu ma haka.

A na uku, muna fuskantar kwanar, na cire hannuna na hagu na ajiye a cinya. Ban dube shi ba. Na ji shi yana kallon hannun. Na ɗauka ba zai danna ba.

Ya danna.

Mun shiga tudun da baya, a hankali, dusa ta rufe gilashi. Inji ya mutu. Cikin motar ya yi fari, ya yi tsit, sai ƙarar ƙarfe yana hucewa.



"Wa ya koya miki wannan rashin kunyar?" ya ce.

"Kai."

Ya fito da hannun daga aljihu, ya ɗora shi a gwiwa, muka zuba masa ido mu biyu kamar wani abu da muka tsinta a hanya. Ya ce in matse. Na sa yatsuna biyu a tafinsa, na ce shi ya matse. Ya matse. Na ce ya matse da gaske.

"Da gasken ke nan," ya ce.

Tun Nuwamba, in ji shi. Da farko maɓallin riga ne ya gagare shi. Yana zuwa yana tafiya. Ya ce ranar nan da sitiyarin ya yi nauyi ya aika hannun, hannun bai je ba. Ya ce duk daren duniya yana ƙirga takun nan da na auna. Ban san ya ga ina aunawa ba.

"Amma motar ta yi laifi," ya ce.

"Ta yi."

"Ki rubuta wannan."

"Zan rubuta."

Esbjörn ya zo da tarakta. Bai yi sauri ba.

Juma'a, 28 ga Fabrairu, ƙarfe uku na rana
Sanyi 16.

Na rubuta abin da na gani: tsaga, ruwa, sanyi, hotuna, gyara. Na rubuta cewa mota tana tuƙuwa ko fawa ta ɗauke, da adadin gwajin da na yi. Na sa hannu. Na bar takardar a kan tebur na fita duba tayoyi.

Da na dawo akwai layi biyu a ƙasan sa hannuna, da rubutun Torvald mai kama da sawun kaza. Ya ce direban ba zai ɗauki fasinja ba har sai likita ya duba shi, kuma shi da kansa ya nemi haka. Ya sa hannu. Ya gyara mini kuskuren rubutu guda ɗaya a shafi na biyu.

Na aika.

Ya kuma kira Maarten da kansa. Ya rufe ƙofar ofis, sun yi kusan rabin awa. Ban saurara ba. Na dai ji lokacin da ya daina magana, ɗayan ya karɓa.

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma
Sanyi 12.

Sun tafi babban asibiti tun da safe, tafiyar awa uku, Ragnhild ke tuƙi. Ina iya jin abin da take sha daga bakinsa a hanya.

Baƙi shida, kuma babu mai nuna musu sai ni. Ban taɓa yi da mutum a gefena ba. Ta farko wata mata ce daga Beljiyam, ta riƙe bel da hannu biyu ta tambaye ni ko na daɗe ina wannan aikin. Na ce tun ina shekara tara. Na yi zagaye goma sha ɗaya. Ban iya yin bayani ina tuƙi kamar shi ba, sai na tsaya nake faɗa. Babu wanda ya yi ƙorafi. Ɗaya ma ya tafa.

Ƙarfe huɗu Torvald ya kira.

"Esbjörn ya ce kina taka birki da wuri a Kwanar Kogi."

"Esbjörn munafuki ne. Me suka ce?"

"Sun sa na taɓa hancina, na yi tafiya a kan layi kamar mashayi. Sun ɗebi jini. Za a sa ni a wata na'ura ranar sha biyu ga wata."

"Ba su ce komai ba?"

"Sun ce ba sa son yin hasashe. Irinki ne, sai sun gani da ido." Na ji Ragnhild tana cewa wani abu a bayansa. Ya ce, "Likitar ta tambaye ni wa ya turo ni. Na ce makanikena. Ta ce me makaniken ya gano? Na ce ta ce akwai inda wuta ba ta kaiwa, amma ita ba ta da kayan buɗe wannan samfurin."

Na yi dariya. Na yi ta yi har ya gaji ya ce sai sun iso, in ajiye masa miya.

Daga nan na kulle gareji ta ciki na ɗan wani lokaci.

Gobe baƙi ƙarfe tara. Lamba biyu tana bukatar sababbin tayoyi a gaba.